Kiɗan da Ba Ya Jiran Kari

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, namiji yana iya ƙarar da yammacinsa ta hanyoyi da dama ba tare da kowa ya ɗaga masa gira ba. Yana iya zama gindin dogon yaro ya buga dara daga la'asar har kiran magariba. Yana iya kiwon tantabaru, ya san kowace da kamanninta, ya zuba musu hatsin da ya isa tuwon dare. Yana iya raba dare a fada kan belot da shayi, ko ya bar aikinsa ya bi ƴan kokowa lokacin gasar takobi. Duk cikin waɗannan babu mai tambayarsa ribar da ya samo. Amma ranar da mutumin nan, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko ɗalibi, ya shigo unguwa da gita rataye a kafaɗa, tambayoyi biyu za su tarye shi tun daga zaure. Ta farko: "A gidanku ana kiɗa?" Ta biyu: "To, me za ta ba ka?"

Tambayar farko ta gado ce, ta biyu ta kuɗi ce, kuma saiwarsu ɗaya. Mun ƙi yarda cewa mutum yana iya taɓa tsarkiya don kunnen kansa kawai. A wurinmu mai abin kiɗa a hannu ɗayan biyu ne: ko maroƙi ne mai jiran kari, ko ɗan iska ne da ya rasa abin yi. Na ukun, wato mai aikinsa da iyalinsa wanda ya keɓe rabin awa a yini yana koyon gita (ko jita, yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke faɗi) domin sha'awa, ba mu tanadar masa wurin zama ba. Shi nake karewa a wannan rubutu, kuma zan kare shi daga iyayensa, daga abokansa, wani lokaci ma daga kansa.

Asalin tambayar gado sananne ne. A tsarin da muka tarar, kiɗa sana'a ce ta gida, kamar ƙira da jima da wanzanci. Kowace sana'a da makaɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, ƴan dambe da nasu, fada kuma da kakaki da algaita da tambari da kotso. Tsarin nan ya haifar da manya. Ya ba mu Narambaɗa a Isa, ya ba mu Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram, ya ba mu Ɗan Anace a fagen dambe. Su ne suka riƙe mana jerin sarakuna da kirarin garuruwa a lokacin da takarda ba ta wadata ba. Sai dai kuma tsarin ya ajiye makaɗi a bakin ƙofa. Ana kiransa ranar buki, a zuba masa kuɗi a goshi, a yi alfahari da yadda ya wasa kakanni. Idan ya aiko neman auren ɗiyar gidan sai a ce a yi haƙuri, an riga an yi mata miji. Muna son zuma, muna ƙyamar mai ɗebo ta. Uban da ya ga gita a ɗakin ɗansa ba sautin ne ke firgita shi ba. Yana hango ɗan nasa tsaye a bakin ƙofar wani, yana jira a sallame shi.

To amma wa ya ce kakanninmu ba su san kiɗan sha'awa ba? A leƙa cikin gida. Matan da ke buga shantu da dare, wa ke ba su kari? Ƴan matan da ke gaɗa a dandali cikin farin wata, gadon wa suke ci? Mai niƙa tana waƙa a kan dutse, masu daka suna lugude har taɓarya ta tashi sama a yi tafi kafin ta sauko, masu daɓe suna amsa wa juna, yaro makiyayi yana busa sarewar kara a bayan gari babu mai sauraro sai awaki. Duk waɗannan kiɗa ne da waƙa na wanda ba makaɗi ba, kuma ba a taɓa cewa sun zubar da mutuncin gidansu ba. Ashe al'adar tana nan. Wanda aka hana shi ne namiji baligi mai rawani ko mai albashi. Shi kaɗai aka yanke wa hukuncin ya rayu yana sauraro har ya mutu, hannuwansa a aljihu. Kuma shi ne ke kiran wannan hani da sunan girma.

Akwai mai cewa maganar ta addini ce. Wannan ya cancanci a amsa masa da ladabi, domin maganarsa tana da tushe. Risala, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya san ta, ta tsananta a kan sauraron kayan kiɗa, kuma malamai da yawa a kan haka suke. Akwai kuma waɗanda suka saɓa musu, kamar Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064. Wannan fage na malamai ne, kuma mutumin da ya kame kunnensa daga kiɗa gaba ɗaya saboda tsoron Allah ina girmama shi, ba ni da gardama da shi. Gardamata da wani ce daban: alhajin da ya ɗauko orkes daga Yamai ranar auren ɗiyarsa, motarsa ba ta tashi sai da waƙa, salularsa ma da kiɗa take kiransa, sa'an nan ya tuno da Risala ranar da ya ga gita a hannun ɗansa. Idan haramun ce, ai mai biyan makaɗi yana cikin lissafi. Idan kuma abin da yake nufi shi ne kiɗa aikin ƴaƴan wasu ne, to ya faɗe shi da sunansa, ya bar littafin malamai ya huta. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe.

Sai masu cewa gita kayan Nasara ce. Haka ne, siffarta ta yau a Andalusiya ta ƙasar Sipaniya ta daidaita, a hannun wani masassaƙi, Antonio de Torres, cikin ƙarni na 19. Amma a wannan ƙasa ta Andalus, tun ƙarni na 9, Ziryab ya zo daga Bagadaza ya zauna Ƙurɗuba yana koyar da kiɗan udu, har ana danganta masa ƙara wa udun tsarkiya ta biyar. Gurminmu da molo da garaya da kuntigi duk dangi ne na nesa: ƙoƙo, da sanda, da tsarkiya da aka ɗaure. Kuma in baƙunta ce laifi, shayin da ake sha ana wannan gardama daga Sin yake, babur ɗin da aka hau aka zo fadar ma ba a Tasawa aka ƙera shi ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da maƙwabtanmu suka yi da baƙuwar. Matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980 sun ɗauki gita suka koya mata Tamashek. Daga cikinsu Tinariwen ta fito, ta ci kyautar Grammy a 2012 da faifan *Tassili*. A nan gida Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya buɗe hanya. Bombino ya bi ta har faifansa *Deran* na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar Grammy. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, gidansu ba su so kiɗa ba, ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, a yankin Abalak, da gitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fara da kwangila a hannu. Da sha'awa suka fara, galibi a ɓoye.

Kuma don kada a ce wannan sha'anin mutanen arewa ne: jagoran Tal National ta Yamai, Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida, ya yi aikin shari'a a kotu yana kuma kaɗa gita. Ali Farka Touré na Mali ɗan gidan da ba a kiɗa ne, danginsa ba su yi murna da zaɓinsa ba, bai kuma daina kiran kansa manomi ba. A 2004 mutanen Niafunké suka zaɓe shi magajin gari, shekara biyu kafin rasuwarsa. Gita ba ta sauke rawanin kowa ba.

Mu fa, Hausawan kudu, da muka fi kowa yawa a ƙasar nan, me muka yi? Mun hana ƴaƴanmu taɓa tsarkiya, sai kunnuwansu suka koma hannun fiyano. Tun shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka gano cewa mutum ɗaya da fiyano ɗaya ya isa ya maye gurbin mai kalangu da mai goge da ƴan amshi gaba ɗaya. Daga baya kwamfuta ta zo tana miƙe muryar da ta karkace. Ba na zagin waƙoƙin. A cikinsu akwai masu daɗi da hikima, kuma sun ciyar da gidaje. Amma yaron da ya tashi a kansu bai taɓa ganin yatsa ya danna tsarkiya sauti ya fito ba. Yana zaton kiɗa abu ne da ake turowa ta salula. Abin dariya, shi kansa Mdou Moctar faifansa na farko, *Anar*, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar inji da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin fim. Ya ɗanɗana wannan hanya ya koma ga yatsunsa, kuma yatsun ne suka kai shi duniya.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na jero waɗannan sunaye don in amsa tambaya ta biyu, in ce wa uba ya bar ɗansa domin wata rana zai shiga jirgi zuwa Amurka. Wannan amsa ta fi tambayar muni. Cikin dubu masu koyo, da wuya ɗaya ya ci abinci da gita, kuma wanda ya ɗauke ta da wannan niyya ya riga ya zama maroƙin da uban ke tsoro, sai dai shi Turawa yake jira su yi masa kari. Haka kuma ba zan ce a bar matasa su koyi gita don ta hana su shan tramol ba, kamar yadda masu rubuta takardun neman tallafi ke so a ce. Kiɗa ba maganin asibiti ba ne. Amsar "me za ta ba ka?" ita ce: ba za ta ba ni ko dala ba, kamar yadda dara ba ta ba ka. Mutumin da duk abin da ya iya na sayarwa ne, ranar da ya yi ritaya sai ka gan shi a ƙofar gida yana ƙirga masu wucewa.

Yanzu in juyo ga mai koyon, domin shi ma yana da nasa rabon. Kamfanin Fender, ɗaya daga manyan maƙeran gita a duniya, ya taɓa bayyana cewa bincikensa ya nuna tara cikin goma na sababbin masu koyo suna ajiye ta kafin shekara ta zagayo. Can kenan, inda babu uban da ke hanawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makonnin farko tsarkiyar ƙarfe tana yanka kan yatsu kamar zaren bakin guga, har sai kanta ta fito. Sautin da ke fita kuma ba kiɗa ba ne, ƙara ce, irin wadda ke sa ƙanne dariya a bayan labule. Idan mutum ya tsallake wannan sai ya ci karo da akor ɗin fa, inda ake shimfiɗa manuniya ta danne tsarkiya shida a lokaci guda, babban yatsa yana tokare da bayan wuya har hannu ya ɗauki rawa. A nan maƙabartar gitoci take. Jeka gidajen ma'aikata ka duba bisa kabad, za ka gan su kwance cikin ƙura, tsarkiya biyu a tsinke.

Wanda ya zo don a tafa masa, nan yake tsayawa, domin tafi yana nesa, zafin yatsa kuwa yana kusa. Wanda ke wucewa shi ne wanda sautin kansa ke biyansa: ya danna wuri ɗaya sau hamsin, na hamsin da ɗaya ya fito tas, ya ji daɗi shi kaɗai a ɗaki babu shaida. Minti ashirin kowace rana sun fi awa huɗu ranar Lahadi, domin hannu da maimaici yake haddacewa, kamar yadda allo ke shiga kai da wanki da sake rubutu. Kuma sau da yawa laifin na kayan ne. Gitar araha da zafin watan Afrilu ya lanƙwasa mata wuya, tsarkiyarta ta yi nisa da itacen har ta wuce kaurin tsinken ashana biyu a tsakiyar wuyan, ko gwani sai ta wahalar da shi. A ajiye ta a inuwa, a sassauta ta idan za a daɗe ba a taɓa ba, a kiyaye ta daga bushewar hunturu mai tsaga icce. Mai shekara arba'in kuma da ake karanta wa karin maganar icce tun yana ɗanye, ya amsa cewa shi ba baka zai tanƙwara ba, waƙa uku yake so ya iya kafin ya tsufa.

Amma babban ciwon masu koyo a wajenmu wata kalma ce: baiwa. "Kiɗa baiwa ce, ba a karanta shi." Da wannan kalma malalaci ke rufe bakin mai ba shi shawara. Ya kalli bidiyo uku a YouTube, ya haddace inda ake aza yatsu a waƙa biyu, idan ka ce ya ɗaga waƙar sama kaɗan don ta dace da muryar mai rerawa sai ya tsaya kamar jakin da ya iso bakin gulbi. Ya iya hanya ɗaya, bai san garin ba. Kuma abin da yake gudu bai kai tsoron da yake yi masa ba. Ga shi a taƙaice.

Gita tana da tsarkiya shida, daga mai kauri zuwa siririya: mi, la, re, sol, si, mi. An gitta wuyanta da ƴan sandunan ƙarfe da suka raba shi gaɓa gaɓa. Kaɗa tsarkiya a sake, sa'an nan ka danna ta a gaɓa ta 12, wadda take daidai rabin tsawonta: sautin farko ne zai dawo da siririyar murya, kamar mace da namiji suna rera waƙa ɗaya. Danna gaɓa ta 7, inda kusan kashi biyu cikin uku na tsarkiyar ke kaɗawa, ka ji sautin da ya fi kowane jituwa da na farkon. Gaɓa ta 5 kuma kashi uku ne cikin huɗu. Biyu da ɗaya, uku da biyu, huɗu da uku: lissafin ɗan firamare ne, kuma a kansa aka gina kusan duk abin da kunne ke kira daɗi. Da shi ma ake saita gita ba tare da salula ba, domin gaɓa ta 5 a kowace tsarkiya ita ce muryar ta kusa da ita, ban da tsakanin sol da si inda ake komawa ta 4. Tsakanin sauti da dawowarsa akwai taki 12. Turawa sun zaɓi bakwai suka yi tsaninsu, do re mi fa sol la si. Yawancin waƙoƙinmu biyar suka ɗauka, misali la, do, re, mi, sol. Wanda ya gane wannan zai iya ɗaga waƙa ko ya sauke ta duk inda murya ta so, domin ya san tazarar ce waƙar, ba wurin da yatsa ya sauka ba.

Shin wannan ilimi yana kashe baiwa? A tambayi malaman aruli. Larabawa sun yi ƙarnoni suna waƙa kafin Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, ya saurara ya fitar da ma'aunai 15 ya ba kowane suna. Bai ƙirƙiri waƙa ba, kuma ba a ji wanda ya ce ya kashe ta ba. Da ma'aunan nasa marubutanmu na zamanin jihadi suka tsara waƙoƙinsu na Hausa da Fulatanci. Nahawu ma bayan magana ya zo. Kuma kafin wani ya ce ilimin sauti na coci ne: sunayen do re mi sun samo asali daga Guido na Arezzo a ƙarni na 11, amma kafin shi Alkindi a ƙarni na 9, da Alfarabi da ya rasu wajen 950, mai *Kitabul Musiƙal Kabir*, sun riga sun auna wuraren aza yatsu a wuyan udu da irin wannan lissafi na kashi.

Akwai kuma kishiyar malalacin, wanda ya fi shi ba ni haushi, domin shi ya yi karatu. Shi ne ɗan boko da ya koyi solfej, ya iya karanta ɗigo a kan layuka biyar, daga nan ya yanke cewa mai gurmi jahili ne. Sai ya ɗauki waƙar Hausa ya aza mata akor uku na littafi, do da fa da sol, yana share tsarkiya sama da ƙasa kamar ɗan sikawut a bakin wuta. Abin da ke fitowa miyar kuka ce a kan burodi. Kiɗanmu ba a kan sauyin akor aka gina shi ba. An gina shi a kan zagaye gajere mai maimaita kansa, da sauti ɗaya mai kauri da ke riƙe ƙasa, da jagora da ƴan amshi suna miƙa wa juna. Masu gitar Sahara sun gane haka, shi ya sa da yawansu ke ɗaga tsarkiya mai kauri daga mi zuwa sol, babban yatsa ya riƙa bugun ta ba fashi, sauran yatsu suna zance a sama. Sun sauya ɗaurin kayan don ya bi waƙar. Ɗan solfej kuwa waƙar yake lanƙwasawa ta bi littafi.

Littafin nasa bai gaya masa abubuwa uku ba. Bai gaya masa cewa Hausa harshe ne mai karin sauti ba: kukan yaro da kukar miya da hawa da saukar murya ake rarrabe su, haka baba uba da baba ta rini. Saboda haka kalangu ke iya magana, saboda haka kuma waƙar da ta hau inda kalma ta sauka take yi wa kunnen Bahaushe kamar baƙo na gaisuwa. Bai gaya masa cewa abin da yake rubutawa 6/8 ko 12/8, bugu uku a hannun dama suna tafiya tare da biyu a hagu, matan da ke lugude sun ƙware a kansa ba su taɓa ganin alli ba. Na ukun ya fi nauyi. Sandunan wuyan gita sun raba sauti taki 12 daidai wa daida, alhali gurmi da molo da goge ba su da sanduna. Yatsa yana sauka inda kunnen gari ya saba, wani lokaci a tsakanin gaɓa biyu, wurin da gita ba ta da shi sam sai an ja tsarkiya gefe. Ɗan solfej yana jin wannan ya ce tsohon ya kauce. Tsohon bai kauce ba. Ma'aunin ne bai kai ba. Idan dukan masu koyo suka bi sandunan ido rufe, cikin tsara biyu waɗannan sautuka na tsakani za su ɓace daga kunnuwanmu, kuma babu wanda zai lura, domin wanda zai lura ɗin shi ne ya ɓace.

A nan ne mai koyon sha'awa yake da aikin da gwani mai neman kasuwa ba shi da lokacinsa. Shi ba ya gaggawar fitar da faifai. Yana iya ɗaukar gitarsa ya je ya durƙusa gaban mai gurmi ko mai kukuma na unguwarsu, ya gaishe shi da Baba, ya roƙi a nuna masa zagaye ɗaya, ya yi wata guda yana nemansa a wuyan gita. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsarkiya ɗaya ta kuntigi ya cika fage shekara da shekaru. Mai shida da ya kasa koyon komai daga gare shi ya binciki kunnensa. Muna da misali a gida. Malam Maman Barka malamin lakwal ne kafin ƙasa ta san shi da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban Boukar Tar, tsohon da ya rage cikin Buduma mai iya biram, kayan kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale. Da mushen nan ya tsaya tambayar ko a gidansu ana kiɗa, da biram ta bi tsohon kabari. Shi ma ya rasu a 2018.

Hukuma ta taɓa sanin darajar wannan. Zamanin Samariya da bukin matasa na ƙasa, kowace jiha tana fitar da ƴan wasanta, mafi yawansu ɗalibai da ma'aikata da manoma waɗanda ba sana'arsu ba ce. A 1987 aka soma gasar Ɗan Gurmu a Tawa don kiɗan zamani, a ƙarshen shekarun 1980 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar. Amma gasa tana zaɓen wanda ya riga ya iya ne, cibiya kuma tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kusan 900 daga Damagaram. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, tana buƙatar wurin da wanda bai iya ba zai je ya yi ƙararsa ba a yi masa dariya ba, namiji ko mace, yaro ko mai furfura.

Gidajen matasa da al'adu suna nan a manyan garuruwanmu, da ɗakuna da inuwa. Abin da ake nema ɗaki ɗaya ne, da gita goma masu miƙaƙƙen wuya, da kwalin tsarkiya na sauyi, domin tsarkiya ɗaya da ta tsinke ta isa ta tsayar da mai koyo wata biyu a garin da babu mai sayar da ita. Sai malamai biyu a tabarma ɗaya: mai solfej da mai gurmi, albashinsu ɗaya, kuma a fara gaishe da mai gurmin. Masu kuɗin da za su iya ɗaukar nauyin wannan mun san su, muna ganinsu kowace Asabar a filin buki, tsaye gaban mawaƙi, yaro na biye da su da jakar sababbin takardu.